Ranar Da Na Zauna Gaban Amintaccen Kotu: Darasi Kan Bashi Da Karayar Arziki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Matashiya

Ya 'yan'uwana masu karatu, musamman matasa, na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan ƙasida, domin kuwa ba kowa ne ke son buɗe cikinsa a bainar jama'a ba, balle a ce abin da ke cikin bashi ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma kowa rufe nasa yake yi. Abin da ya sa na yanke shawarar fasa ƙwan shi ne wani matashi da ya tare ni bayan sallar Juma'a a masallacinmu da ke unguwar Bronx, a nan birnin Niyok na ƙasar Amurka. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya ce da ni: "Kawu, an sa mini ranar zama gaban amintaccen kotu, yau kwana uku ban runtsa ba. Daga can za a wuce da ni gidan yari ne?" Da na dube shi sai na ga kaina a shekarar 2018, lokacin da ni ma nake ɗauke da wannan tambaya, kunya ta hana ni yi wa kowa ita. Saboda haka zan faɗi abin da na gani da idona a wancan zama, da abin da ya biyo baya, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Yadda Na Faɗa Rijiyar

Sana'ata a da ita ce sayen motocin hannu a wuraren gwanjo, in loda su a tashar jiragen ruwa ta Newark zuwa Kwatano, inda abokan cinikina daga Nijeriya ke zuwa su ɗauka. Shekaru ina cikin rufin asiri. Sai a tsakiyar 2016 darajar naira ta karye: dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 300, a kasuwar bayan fage kuwa ta kai har 500 a farkon 2017. Daɗin daɗawa, daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motocina suka jibge a Kwatano suna cin kuɗin ajiya, waɗanda suka karɓi kaya bashi suka daina ɗaga waya.

A nan ne na tafka kuskuren da har gobe nake neman gafararsa. Maimakon in tsaya in lissafa asara in haƙura, sai na shiga cike gurbi da katin bashi, ina sane da cewa akwai riba a cikinsa, ina yaudarar kaina da cewa wata mai zuwa kasuwa za ta buɗe. Na ci bashin wannan kati na biya wancan. Na karɓi dala 6,000 a hannun wani dattijo a masallacinmu, wanda zan kira Alhaji kawai a wannan rubutu, ba takarda ba shaida. Ana cikin haka maiɗakina ta kwanta asibiti kwana tara, takardar kuɗin ta zo. Da na tattara komai, sai na ga ana bi na abin da ya haura dala 70,000, alhali abin da nake samu a tuƙin motar haya da na koma yi da kyar yake kai mu ƙarshen wata. Wayata ta zama abin tsoro a wurina. Da ɗaya daga cikin masu bi na ya kai ni ƙara, sai na nemi lauya.

Mece Ce Shari'ar Karayar Arziki?

Lauyan ya yi mini bayanin cewa dokar tarayya ta Amurka ta buɗe wa mutumin da bashi ya fi ƙarfinsa ƙofofi biyu da aka fi bi. Ta farko ita ce Babi na 7, inda ake tattara dukiyarsa, a bar masa abin da doka ta keɓe domin rayuwa, a sayar da saura a raba wa masu bin sa, sannan kotu ta hana a ƙara bin sa ragowar. Ta biyu ita ce Babi na 13, inda mai samun kuɗi a kai a kai yake biyan wani kaso duk wata na tsawon shekara 3 zuwa 5. Tun daga gyaran dokar da aka yi a 2005, ana duba kuɗin shigar mutum na watanni 6 da suka wuce a kwatanta da matsakaicin na jiharsa, kuma wajibi ne ya halarci wani gajeren darasi na shawara kan bashi a cikin kwana 180 kafin ya shigar da takardunsa, sannan wani darasin na biyu kan tafiyar da kuɗi bayan ya shigar. Ni Babi na 7 ne ya dace da ni. Na biya dala 335 kuɗin kotu, wanda ya koma 338 daga ƙarshen 2020, ban da ladan lauya.

Ranar da takardun suka shiga, doka ta dakatar da duk masu bi na nan take. Kira ya tsaya, wasiƙun barazana suka tsaya, ƙarar da aka kai ni ma ta tsaya. Sannan aka naɗa wa shari'ata wanda suke kira tirasti, wato amintaccen da ake damƙa wa dukiyar wanda ya karye domin ya bincika ta, ya raba abin da ya samu tsakanin masu bin bashi. A mafi yawan jihohi wani ofishi ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ke naɗa shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: amintaccen nan ba lauyanka ba ne, ba kuma alƙali ba ne. Aikinsa shi ne ya gano ko akwai abin da za a sayar, kuma yana da kaso a cikin abin da ya gano ya raba.

Daren Da Shaiɗan Ya Zo Da Shawara

Kafin a kai ga shigar da takardun, lauyan ya ba ni fom mai shafuka da yawa, ya ce in je gida in rubuta duk abin da na mallaka da duk wanda ke bi na. Ya ƙara da cewa dokar ta ce dukiya ko'ina take, ba a Amurka kaɗai ba. A nan ne gabana ya faɗi, domin akwai abubuwa uku da ban so su fito ba.

Na farko, rabona a gonar da mahaifinmu ya bari a ƙauyenmu, wadda har lokacin ba a raba ta ba tsakaninmu mu tara. Na biyu, dala 2,500 da na mayar wa wan matata wata bakwai kafin lokacin, bashin da ya ba ni sa'ad da take asibiti. Dokar ta ce abin da ka biya wani mai bin ka a cikin kwana 90 kafin shigar da takardu, ko kuma a cikin shekara guda idan ɗan'uwa ne ko suruki, amintaccen na iya komawa ya karɓo shi, domin ba a yarda ka fifita naka a kan sauran masu bin ka ba. Na uku shi ne sunan Alhaji, domin duk wanda ka rubuta a jerin masu bin ka, kotu za ta aika masa wasiƙa har gida.

Wani abokina da na yi shawara da shi ya yi dariya ya ce: "Haba malam, wane Bature ne zai je ƙauyenku ya auna gona? Kuɗin banki ne fa, na masu cin riba. Ka rufe bakinka kawai." Wallahi maganar ta shige ni. Na kwana ina juyi. Abin da ya taimake ni shi ne layin ƙarshe na fom ɗin, inda mutum zai sa hannu cewa ya rantse duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tara mai nauyi ga wanda ya ɓoye dukiya ko ya yi rantsuwar ƙarya a wannan shari'a, kuma ana iya hana shi sauke bashin gaba ɗaya. To amma ni na san zai yi wuya su gano gonar. Abin da na kasa tsallakewa shi ne abin da muka karanta tun muna gaban malamanmu, cewa rantsuwar ƙarya da gangan tana cikin manyan zunubai, har malamai suna kiranta yaminul gamus, wato mai dulmiyar da mai ita. Na tuna kuma cewa a lokacin hijira Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Ashe amana ba ta duba addinin mai kaya. Da asuba na rubuta gonar, na rubuta kuɗin surukina, na rubuta sunan Alhaji da adireshinsa. Na kuma rubuta adashin da nake zubi, da ɗan abin da nake aika wa mahaifiyata, tunda fom ɗin ya tambayi duk kyautar da ta haura dala 600 ga mutum ɗaya a cikin shekara biyu.

Sai dai kash, akwai abu guda da na gaza yi. Na kasa zuwa in sami Alhaji in gaya masa da bakina. Kullum sai in ce gobe, har wasiƙar kotu ta riga ni isa gidansa.

Ranar Zama

Zaman da ake magana a kai suna kiransa taron masu bin bashi, ko kuma taron 341, saboda sashe na 341 na dokar ne ya wajabta shi. A Babi na 7 ana yin sa tsakanin kwana 21 zuwa 40 bayan shigar da takardu. Nawa ya faɗo a watan Afrilu. Mako guda kafin ranar, lauyana ya aika wa amintaccen takardar bayanin harajina ta shekarar da ta gabata, kamar yadda doka ta ce, tare da takardun abin da nake samu da bayanan asusun bankina. Ya ja mini kunne in zo da katin shaida mai hoto da kuma katin lambar nan ta Soshiyal Sekuriti, domin in babu su ana iya ɗage zaman, wanda kuma ya ƙi zuwa gaba ɗaya ana iya korar shari'arsa.

Na isa wani ginin gwamnati da ke kudancin Manhattan da sassafe, na bi ta na'urar bincike, na hau bene. A raina na ƙiyasta zan ga alƙali a kan karaga da 'yan sanda a gefe. Abin da na tarar shi ne ɗaki kamar ajin makaranta, kujeru a jere, tebur guda a gaba, da wani mutum mai furfura zaune da kwamfuta da na'urar ɗaukar murya. Babu alƙali, domin dokar ma ta hana shi halartar wannan zama. Mutane kusan ashirin ne a zaune, kowa da fayil a hannunsa: ga tsohuwa da sandarta, ga mata da miji riƙe da jariri, ga wani sanye da kayan aikin gini. Ana sa wa mutane da yawa lokaci guda, don haka sai ka ji ana yi wa waɗanda suka riga ka tambayoyi a gabanka. Wannan ya rage mini fargaba, domin na ga kowa minti biyar zuwa goma yake yi ya tashi. Wata mata da ba ta jin Ingilishi aka kira mata tafinta ta waya, kyauta.

Ina waigawa sai na hango Alhaji a kujerar baya, da farar hularsa da carbinsa. Masu bin bashi suna da damar halarta, amma ba kasafai suke zuwa ba. Babu wani banki da ya turo kowa a kaina. Shi kaɗai ya zo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kira sunana, na zauna gaban teburin, lauyana a gefena. Amintaccen ya duba katunana, ya kunna na'ura, ya ce in ɗaga hannun dama in yi alkawarin faɗin gaskiya. Ba a ba ni wani littafi in dafa ba, wanda kuma ba ya son lafazin rantsuwa yana iya cewa ya tabbatar kawai, hukuncin ɗaya ne. Daga nan tambayoyi suka biyo, cikin murya irin ta wanda ya yi su sau dubu. Kai ka sa hannu a waɗannan takardu? Ka karanta su kafin ka sa hannu? Duk abin da ke ciki gaskiya ne? Akwai gyaran da kake son yi? Ka rubuta dukkan dukiyarka? Ka rubuta dukkan masu bin ka? Ka taɓa shigar da irin wannan shari'a? Akwai kuɗin ciyar da 'ya'ya ko na tsohuwar mata a kanka? Akwai wanda kake bi bashi? Ka sayar ko ka kyautar da wani abu a 'yan shekarun nan? Kana sa ran wani gado? Wannan ta ƙarshe dalilinta shi ne, gadon da ya faɗo wa mutum a cikin kwana 180 bayan shigar da takardu yana shiga cikin dukiyar da za a raba.

Da ya zo kan gonar sai ya ɗago kai ya dube ni. Ya tambayi girmanta, da yawan magada, da yadda na ƙiyasta kuɗinta. Na faɗa masa abin da na sani. Ya tambayi bashin da nake bin mutanen Kwatano, na ce ga sunayensu nan a takarda, amma shekara guda ke nan ban ji ɗuriyarsu ba. Ya tambayi kuɗin surukina, na amsa. A nan na gane hikimar abin da na yi da asubar nan: duk tambayar da ya yi, amsarta tana rubuce a gabansa, ba ni da wani labari da zan riƙa tunawa don kada in saɓa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai gaskiya kuwa ko an tashe shi daga barci abu ɗaya zai faɗa.

Sai ya ɗaga murya ya ce ko akwai mai bin bashi a ɗakin. Alhaji ya miƙe a hankali ya matso. Aka ce yana iya yi mini tambaya. Ya yi ta da Ingilishinsa na 'yan kasuwa domin na'ura ta ɗauka, amma idonsa a kaina yake: ranar da na karɓi kuɗinsa, na san ba zan iya biya ba? Tambaya ce mai nauyi ko a wajen doka, domin bashin da aka karɓa da yaudara kotu na iya ƙin sauke shi. Na ce masa ban karɓa da niyyar cinyewa ba, na ɗauka motocin za su fita; amma na san kasuwar ta lalace, kuma ban gaya masa ba. Ya yi shiru, ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna. Amintaccen ya ce ya ɗage zaman zuwa mako uku, in kawo takardar da ke nuna ƙimar gonar. Duka-duka minti goma sha biyu aka yi.

A bakin lif na cim ma Alhaji, na durƙusa na ce: "Baba, ka yafe mini." Ya ce: "Tashi ɗana, mutane na kallo. Kuɗi ba su ne suka kawo ni ba. Shekara takwas muna sahu ɗaya da kai, a ce takardar Bature ce za ta gaya mini halin da kake ciki?" Ban sami amsa ba, kuma har yau ban samu ba.

Abin Da Ya Biyo Baya

Yayana ya samo takardar ƙimar gonar daga gida. Rabona bai kai dala 2,000 ba. A jihar Niyok mutum na iya zaɓar keɓewar dokar tarayya, wadda a wancan lokacin take barin wanda ba shi da gidan kansa ya tsare dukiya kowace iri ce har ta dala 13,100. Ana sabunta adadin duk bayan shekara uku. Gonar ta shiga ƙarƙashin wannan, ba wanda ya taɓa ta. Ka ga abin da na so in sayar da lahirata a kansa, ashe doka ma ta bar mini shi. Kuɗin surukina kuwa amintaccen ya ce sai an dawo da su. Don kada a tayar wa bawan Allah hankali a kan alherin da ya yi, lauyana ya daidaita da shi na biya su da kaina kaɗan-kaɗan, aka raba wa masu bi na.

Doka ta ba masu bin bashi kwana 60 daga ranar farko da aka sa don zaman, su kai ƙorafi in suna da shi. Ba wanda ya kai. Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki takardar sauke bashi ta iso. Amma kada matashi ya ɗauka wanka ne da ke tafiya da kowace dauɗa. Takardar ba ta sauke kuɗin ciyar da 'ya'ya, ko tarar laifi, ko harajin 'yan shekarun baya, ko mafi yawan bashin karatu. Tabon yana zama a tarihin bashin mutum shekara 10, wato nawa sai 2028, kuma na ɗanɗana kuɗarsa lokacin da na nemi hayar gida. Ba a kuma sake samun irin wannan sauƙi a Babi na 7 sai bayan shekara 8.

Takardar Kotu Da Littafin Mala'iku

Ranar da takardar ta zo na yi murna, sai kuma murnar ta koma ciki, domin tambaya ta taso mini: kotu ta hana su bi na, to a wajen Allah fa? Na kai maganar gaban wani malami da na amince da iliminsa. Ya fara da kwantar mini da hankali cewa Musulunci ya san wannan hali tun farko, malaman fiƙihu suna kiransa iflasi, mai shi kuma muflisi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace a zamanin Annabi (SAW), aka tara masa sadaka ba ta isa ba, sai aka ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ba su da ikon matsa masa fiye da haka. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina da ya riƙa sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isowa, har ya karye, Sayyidina Umar (RA) ya yi shela masu bin sa su zo a raba musu dukiyarsa. Risala ma, wadda muka karanta a zaure, ta bayyana cewa ba a tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai. Ke nan tattara dukiyar wanda ya karye a raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙinsu ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Daga nan sai ya ce inda hanyoyin suka rabu shi ne a kan ragowar. A wajen jumhurin malamai, bashi yana nan a wuyan mutum har sai ya biya ko mai shi ya yafe. Abin da talauci ke jawo masa jinkiri ne. Ya tuna mini cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mai bashi bai yi mata sallah ba sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya, kuma ya zo cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ya ce akwai malaman zamani da ke ganin bankin da ya ba da bashi a ƙarƙashin dokar da ya san tana da wannan ƙofa, tamkar ya yarda da sharaɗin ne tun farko. Amma shi abin da ya fi natsuwa da shi shi ne in biya uwar kuɗin in Allah Ya hore, ribar kuwa in tuba daga shigarta. Game da Alhaji kuwa ya ce babu wani saɓani, domin shi bai ƙulla komai da ni a kan dokar Amurka ba, a kan amana ya ba ni.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ita kanta dokar ba ta rufe wannan hanya ba. Sashe na 524 ya faɗa ƙarara cewa babu abin da zai hana mutum biyan bashin da aka sauke masa don raɗin kansa. Na fara da Alhaji, dala 150 duk wata, wannan karon da takarda da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta koyar. Na gama a 2022. Na bi da asibiti ina ragewa. Na katunan bashi kuwa har yanzu da saura mai yawa, wasu ma an sayar da bashin daga hannu zuwa hannu har ban san wa zan ba ba. Na rubuta adadin uwar kuɗin a wasiyyata, maiɗakina ta san inda take. Ina riƙe da bishara guda da ta zo a Sahihul Bukhari, cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa.

Kammalawa

Ga ɗan'uwan da aka sa wa rana, ga taƙaitaccen abin da zan ce. Tun daga annobar korona ta 2020 aka daina taruwa a ɗaki kamar yadda muka yi, aka koma waya, yanzu kuma galibi ta Zoom ake yi, amma rantsuwar da tambayoyin suna nan yadda suke. Ka karanta takardunka layi-layi kafin ranar, in ka ga kuskure ka gaya wa lauyanka a gyara, domin gyara halal ne a doka, ɓoyewa ce laifi. Ka tanadi katunanka. Ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai, in ba ka gane ba ka ce a maimaita, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka mayar da mota ko fili sunan ɗan'uwa ana gobe za ka shigar da takardu. Ba a kama kowa a wannan zama saboda talauci. Uwa uba, duk wani mutum da ya ba ka bashi don Allah, ka taka ka je ka same shi kafin wasiƙa ta same shi.

Ga wanda kuma bai faɗa ba tukuna, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Katin bashin da ake miƙo maka a jami'a ko a kanti da murmushi, ka san da wuyar biya yake tafe. Kuma mu tuna da hadisin da Annabi (SAW) ya bayyana wa sahabbai muflisi na haƙiƙa: wanda zai zo ranar ƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare, sannan a ɗora masa zunubansu. A wancan zama babu dukiyar da aka keɓe, kuma duk masu bin bashi za su halarta.

Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga riba da rinjayen bashi, Ya saka wa Alhaji da alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne.